Duwatsun Gindin Lemo

A 1989 na kama aikin kula da lambun wani tsohon masauki a bayan ganuwa, wajen Tukur-Tukur. Gidan wani Bature ne a da, aka mai da shi otel. Akwai doguwar baranda da rijiya da itatuwan lemo goma sha biyu da suka girme ni. A unguwarmu Kusfa ana ta cewa Barira ta yi difloma don ta riƙa tonon ƙasa. Ta gabansu nake wucewa kullum da takalmin roba.

Satin farko na lura kowane gindin lemo akwai faffaɗan dutse. Ban ga amfaninsu ba, na sa leburori suka kwashe, suka baje wurin, aka jera duwatsun a bakin hanya. Baba Dogara, tsohon mai lambun, yana gefe yana kallo.

Rani ya shigo, famfo ya ɗauke, ganyen lemo ya fara naɗewa. Manaja, Alhaji Aƙilu, ya kira ni.

"Barira, don inuwar nan baƙi ke zuwa. In itace ɗaya ya mutu, ki ajiye makulli."

Kwana tara ina jan guga har tafin hannuna ya yi kanta. In na zuba ruwa, kafin azahar ƙasa ta bushe. Amma itace ɗaya can bayan kicin kore shar yake. Me yake sha? Da na duba, dutsensa na nan, an manta da shi.

Na ɗaga. Bakin tulu ne binne a ƙasa, cike da ruwa mai sanyi.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tulu, 'yar boko. Babu shi a littafin naku?" Ya gyara hula. "Ni nake cika shi. A hankali yake tsattsafowa, saiwa na sha. Dutsen murfi ne. Sauran sha ɗayan, leburorinki sun cike su da ƙasa."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kin tambaye ni?"

Ban ba shi haƙuri ba. Na durƙusa na fara yashe tulunan da hannu, yana nuna mini wurarensu da sanda. Biyu sun fashe, na sayo sababbi a kasuwar birni. Duwatsun a kaina na ɗauko na mayar da su.

Ko itace ɗaya bai mutu ba, makulli kuma yana hannuna. Ranar da sabon ganye ya fito na kai wa Baba goro, na zauna, wannan karon na tambaye shi abin da ya sa aka dasa wata dalbejiya da ke lambun nesa da rijiya.