Mai Duba Taswira

Zinatu ta rasu wata ranar Talata cikin Agustan 2005, a kujerar gaba ta motar mijinta, da taswira a cinyarta.

Tafiyar ta mijin ce, Halliru. Malamin lissafi ne a jami'ar da ke Oxford Road ta Manchester, amma tarihin biranen Turai ya karanta har ya fi masu su sanin lungunansu. A ganinsa otal tarkon wawaye ne. Don haka suka cika bayan mota da dambun nama da garin kwaki da ɗan risho, suka ƙetare ruwa. Bruges, Cologne, Strasbourg, duk a mota suke kwana. Shi yana ta bayanin gine-gine, ita tana neman inda za ta yi alwala. Shi ke tuƙi, ita ke faɗin hanya, kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi kowa ba.

Tun a Faransa ƙafarta ta hagu ta kumbura. Ta nuna masa, ya ce yawan zama ne, in an koma gida a ga GP, likitan unguwa.

A dawowa, sun doshi Birmingham da hantsi, numfashinta ya sauya.

"Malam, ƙirjina."

"Dambun nan ne. Na ce kin cika masa yaji."

"Ba dambu ba ne."

Ya dube ta. Leɓenta ya yi toka-toka, gumi ya jiƙa ɗankwalinta. Wayarsu ta mutu tun a jirgin ruwa, caja kuwa tana can gida a Manchester.

"Akwai asibiti kusa da gidan su Jannat," in ji ta. Jannat 'yarsu ce, tana jami'a, tana zaune a unguwar Selly Oak ta nan Birmingham. Sun sha kai mata ziyara, amma Halliru bai taɓa riƙe hanyar a kansa ba. Mai zai sa, alhali da mai duba taswira a gefe?

"Wane exit? Ina za mu sauka daga babban titin?"

Ta ɗaga takardar. "Wannan... a'a, na gaba."

Ya riga ya karkata. Gadoji suka nannaɗe su, wata bisa wata. Ya bi hagu, ya sake bin hagu, wata babbar mota ta danna masa oda. Da hanyar ta sake su, sai ga su a wata unguwa daban, Lozells, tsakanin jerin gidaje masu kama ɗaya, bas ta tare gaba.

"Zinatu, dama ko hagu?"

"Ba na ganin rubutun."

"Ki duba dai!"

"Malam, tsaya ka tambayi mutane. Don Allah."

Ya wuce kwana ɗaya, ya wuce ta biyu. Mutumin da ya san shekarar da aka aza tubalin cocin Cologne bai san kudu da arewa ba a nan. A ta uku ya hau gefen titi, gaban wani kantin doya da manja. Ya kama marfin ƙofa, ta riƙo hannun rigarsa.

"Baban Jannat, ka yafe mini."

Ya san maganar. Ya ji kakarsa ta yi ta, ya ji mahaifinsa ya yi ta. Amsawa na nufin yarda, shi kuwa bai yarda ba.

"Bar wannan zancen. Sai na dawo."

Ya zare hannunta ya ruga. Mai kantin, wata dattijuwa 'yar Gana da ake kira Umma, ta ji Hausa a bakinsa ta jawo waya nan take, ta kira motar asibiti ta miƙa masa. Mai amsa kiran ta shiga tambayoyi: sunan titi, shekarunta, tana numfashi? Ya ce tana yi. Umma ta leƙa ta gilashi, ta ɗora hannu a ka, ta fara salati.

Ya fito. Kan Zinatu ya jingina da taga, idanunta a buɗe suna kallon ƙofar kantin. Daga nesa jiniya na tahowa.

Ya buɗe motar, ya durƙusa a bakin titi da amsar a bakinsa: na yafe, Zinatu, ni ne ya kamata in roƙa.