Jan Zare a Rigar Sodangi

Shekarar da aka fara Shari'a, kasuwar Shinkafi ta koma kasuwar kallon-kallo. In akuya ta ɓata, har mai gaskiya sai ya ji hannunsa na yi masa sanyi. Ni zare da allura nake sayarwa, rumfata na bakin tashar motocin Kaura, saboda haka ba abin da ke wuce ni. Ba kuma zan ce ina runtse ido ba.

Inna Ramatu, Bafillatana daga rugagen Jangeru, tun ina saurayi take sayen zare a wurina. Ɗinkin hannu take yi a kan baƙin saƙi, layi-layi ƙanana, fari da shuɗi da rawaya, kamar sawun tsuntsu a bakin rafi. Duk kasuwa an san hannunta, ita ma ta san an sani. Ga tsirfa: sai ta sa na zazzage buhu kafin ta ɗauki ƙulli ɗaya. Ita ta gaya mini al'adar gidansu. In namiji zai tafi da shanu, sai a ɗinka masa riga a bar layin ƙarshe na gefen ƙasa ba a cika ba. Ranar da ya dawo ya taka gida, uwarsa ko matarsa ce za ta cike shi da jan zare.

Ɗanta Sodangi ya tafi da shanu arewa tun farkon damina. Aka yi girbi, gero ya shiga rumbu, abokan tafiyarsa suka dawo, shi shiru. Kowace Alhamis, ranar kasuwa, Inna za ta zo ta shafa jan zare ta ajiye, ba ta saya. Tausayinta ya hana ni yi mata ciniki. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai: wata ranar kasuwa Suwaiba, matar Sodangi, ta zo ita kaɗai ta sayi jan zare tana waige-waige, ta ce faifai za ta yi wa ado. Na ce to. Faifai dai ba ya sa mutum waige.

A kwanakin nan ne Tambari, wani manomi daga Badarawa, yake zagaya kasuwanni yana cigiya. An kore masa shanun noma, ya kuma rantse ya hango saurayi da baƙar riga mai ɗinkin Fulani yana kora su. Kowa ya san abin da kotu za ta yi wa hannun wanda aka kama.

Wata Alhamis sai ga Na'Allah direba ya sauko daga motarsa sanye da baƙar riga mai ɗinki, yana taƙama kamar ango. Inna Ramatu na rumfata. Ban ga lokacin da ta tashi ba, sai ganinta na yi ta cakumi wuyan rigar.

"Ina ɗana?" in ji ta. "Rigag ga ni na ɗunka ta. Mi ka yi mai?"

Kan ka ce kwabo an yi cincirindo, har da 'yan agaji. Na'Allah, wanda bakinsa ba ya mutuwa a tasha, ya shiga rantse-rantse. Ya ce a hanyar Zurmi ya ɗauki wani saurayi, saurayin ya roƙe shi su yi musaya, ya karɓi tsohuwar rigarsa mai baƙin mai ya ba shi wannan. Ba wanda ya yarda, har ni. Wa zai ba da aikin wata da watanni a kan tsumma?

Tambari ne kaɗai maganar ta zauna masa. Ya kutso a hankali ya durƙusa kusa da Inna, murya kamar zuma.

"Inna, ɗan naki mi a sunanai? Ina rugarku take? Mu taimaka maki nema."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce bari ta nuna musu shaida, layin da ta bari da hannunta. Ta sunkuya ta juyo gefen rigar.

Layin a cike yake. Jan zare, ɗinkin sauri, ya ɗan karkace, hannun yarinya. Ina kallon fuskarta sa'ad da lissafin ya zo mata, don ni ma a lokacin ya zo mini. Sodangi ya taka gida, matarsa ta cika masa layi a ɓoye, ya sake fita ya rabu da rigar da za ta tona shi. Ga shi uwarsa ta tara masa kasuwa.

Ta saki rigar ta miƙe.

"Ba ɗunkina ba na," in ji ta. "Idona ya tsuhwa. Ɗana yana Nijar da shanunai. Malam direba, ka yahe mani."

Aka kwashe da dariya. Na'Allah ya samu baki, ya zazzage mata rashin mutunci son ransa, ta tsaya ta shanye. Tambari bai yi dariya ba. Ya zo rumfata ya tambaye ni ko na san hannun da ya yi ɗinkin, tunda ni ke sayar da zaren. Na ce masa Fulanin da ke sayen zare a wurina sun fi gashin kansa yawa. Ya daɗe yana kallona kafin ya tafi, ya ce zai riƙa duba rigunan kasuwa.

Ko Sodangi ya kori shanun nan, ko tsoro ne kawai ya kore shi, ban sani ba har yau. Abin da na sani shi ne, Alhamis ta gaba Inna Ramatu ta dawo da ƙullin zaren da ta saya a wurina ranar rigimar, fari da shuɗi da rawaya, ko warware su ba ta yi ba. Na ce ko zaren ne ba kyau. Ta ce zaren lafiya lau. Sai ta zaro allurarta daga gefen zane, wadda ta gada wurin uwarta, ta ɗora mini a kan tebur.

"Ba wa mai buƙata," in ji ta. "Ni ban iya ɗunki ba."