Babban Yatsan Kawu

Shekara goma sha ɗaya kamfanin rarraba magungunan ya yi yana aiki da ƙofa guda ta shiga kwamfutocinsa. VPN suke kiran ta, kuma duk wanda ya riƙe kalmar sirri, ko daga kan gadonsa yake ko daga wata ƙasa, da zarar ya shige ta, gidan gaba ɗaya ya zama nasa: takardun asibitoci, jerin kayan sito, fayilolin ma'aikata, babu ɗakin da ke da sakata. Ranar da Injiniya ya kama aiki ya dubi wannan tsari kamar yadda likita ke duban gyambon da aka ɗaure da tsumma. A jerin masu izinin shiga ya tarar da direban da aka sallama shekara huɗu da suka wuce, da wani magatakarda da ya riga mu gidan gaskiya. Marigayin, bisa shaidar na'ura, bai taɓa fashin aikin Litinin ba.

Shi ba injiniya ba ne, kimiyyar kwamfuta ya karanta. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, kuma a bakinsu ba yabo ba ne. Mai kamfanin yayan mahaifiyarsa ne, don haka kowa ya ɗauka alfarma ce ta kawo shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaskiya suka faɗa.

Da babban asibitin da ke sayen rabin kayansu ya aiko da sharaɗin cewa ba za a sabunta kwangila ba sai an gyara tsaro, kuma za a turo mai bincike, Kawu ya kira shi ofis. Bai ce masa ya zauna ba.

"Ka yi duk abin da suka ce. Amma ka buɗe kunnenka: idan kwangilar nan ta kuɓuce saboda na'urorinka, ka kwashe komatsanka. Ni zan yi wa uwarka bayani da kaina."

Wata biyu ya yi yana rushe tsohuwar ƙofar. A sabon tsarin babu wanda ake buɗe wa don kawai ya san kalma. Duk lokacin da mutum zai shiga, sai saƙo ya faɗo a wayarsa ya dangwala yatsa, sai an tabbatar kwamfutar da ke gabansa sananniya ce, sannan a nuna masa ɗakin aikinsa shi kaɗai, sauran kuwa ko ƙofofinsu ba zai gani ba.

"Wai me sunan abin nan naka?" in ji mai sito, wani dattijo mai yawan magana, ranar da aka jera su a baranda don ɗaukar zanen yatsa.

"Tsarin kada a yarda da kowa."

"Ashe! Shekara ashirin makullin sito na ƙuguna, ko ƙwayar maganin ciwon kai ba ta taɓa yin ƙafa ba. Yau ɗan jiya ya ce in dangwala kamar mai karɓar fansho. To Allah ya kai mu ranar da za ka jera kawunka a nan."

Aka kwashe da dariya. Injiniya ya ci gaba da ɗaukar zanen. A ransa ya ce mutanen da ke rubuta kalmar sirri a jikin kalanda su ne yau ke kukan an taɓa mutuncinsu.

Kawu bai zo layi ba. Kwana uku da fara aiki da tsarin, ya gwada shiga daga kwamfutar wani otal, aka hana shi. Washegari muryarsa ta riga shi isa ɗakin na'urori.

"Cewa ta yi ba ta san ni ba! Ni! A kamfanin da na kafa tun ba ka iya ɗaura wando ba!"

"Kawu, kwamfutar ce ba ta sani ba. Idan aka keɓe mutum ɗaya, to sai bango ya tsage..."

"Rufe mini baki. Ni zan gaya maka karin magana, ba kai za ka gaya mini ba. Ko ka buɗe mini, ko ka ajiye makullin ɗakin nan."

Ya buɗe. Ya cire asusun shugaba, wato sunan da Kawu ke shiga da shi, daga dokar: kowace kwamfuta, babu zanen yatsa, sai dai koren maɓalli da zai fito a waya mai cewa "Ni ne". Minti biyu kacal aikin ya ɗauke shi.

Sauran ya biyo baya da kansa. Sakatariya dama da asusun Kawu take aiki tun fil azal, don haka daga safe har la'asar muryarta ke ratsa ƙofa: "Ranka ya daɗe, danna!" Shi kuwa ya danna, ko yana waya, ko yana shan shayi, ko yana tsawata wa wani. Cikin mako biyu babban yatsansa ya koyi aikin, har ya daina shawara da idonsa. Injiniya yana jin kiran daga ɗakinsa, yana raina su duka biyun. Da takardar asibiti ta iso da tambayar ko akwai asusun da aka keɓe, ya rubuta "babu", ya sa hannu, ya ƙara da kansa a cikin waɗanda ya raina.

Ranar Alhamis da hantsi mai binciken ta zo, mace mai tabarau da ƙarancin magana. Kawu ya bar ta minti goma tana jira a gaban teburin Sakatariya, domin a ganinsa babban mutum ba ya fitowa da wuri. A jikin allon kwamfutar teburin akwai wata 'yar takarda rawaya da aka manna. Mai binciken ta dube ta sau ɗaya, ta mayar da idonta kan jakarta.

A ɗakin taro ta haɗa kwamfutarta da majigi, ta ce kafin ta fara tana so ta ji daga bakin shugaba. An sosa wa Kawu inda ke masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama, ya yi bayanin yadda tun da daɗewa ya hango hatsarin tsohuwar ƙofa, da yadda ya sa yaronsa a gaba har aka gyara.

"Mu a nan, Malama, babu sani babu sabo. Ni kaina na'ura ba ta yarda da ni ba!"

Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Injiniya ya ga yatsun matar sun tsaya a kan madannai, ya ga koren haske, ya gane komai tun kafin ya iya buɗe baki. Babban yatsan Kawu ya sauka kan maɓallin, bakinsa bai ko katse jimlarsa ba.

Bango ya cika da fayilolin shugaba. Kwangiloli, takardun asibitoci, har da hoton fasfonsa yana harare-harare. 

"Wannan kwamfutata ce, ba ta taɓa shiga ginin nan ba sai yau," in ji ta. "Kalmar sirrin kuma a ƙofarku na karanta. Takardarku ta ce babu asusun da aka keɓe. Wa ya keɓe wannan?"

Kawu ya juyo ya dubi ɗan ƙanwarsa. Injiniya ya san kallon. Idan ya ce umarni aka ba shi, ya kwance wa shugaba zane a kasuwa, kwangila ta tafi, shi ma ya bi ta. Idan ya yi shiru, duk ɗaya. Ya nemi ƙaryar da zai yi, sai ya ga ba ya bukatar ta, domin hannun da ya buɗe da wanda ya sa hannu duk nasa ne.

"Ni ne," in ji shi.

Kawu ya sami tudun dafawa. Ya buga tebur. "Ka gani! Abin da nake faɗa ke nan kullum, yaran zamani sai digiri babu natsuwa! Wa ya ce ka bambanta ni da sauran ma'aikata? Ni na fi mai sito ne?"

"Ba ka fi shi ba, Kawu. Bari in gyara kuskurena yanzu a gabanta."

Bai jira amsa ba. Ya jawo kwamfutarsa, ya mayar da asusun shugaba ƙarƙashin doka. Fayilolin suka ɓace daga bango, aka bar farin rubutu mai cewa ba a san wannan na'ura ba. Mai binciken ta gwada sau biyu, ta gyaɗa kai. Ta ce za ta rubuta cewa an sami ɓaraka an kuma toshe ta a gabanta, muddin shugaba ya ba da zanen yatsansa kafin ta tafi.

Kawu ya buɗe baki, ya tuna abin da bakin ya gama faɗa, ya rufe shi. A baranda aka ɗauki zanen, inda aka ɗauki na kowa. Sau biyu na'urar tana ƙin yatsan saboda gumi. Mai sito, wanda ya sami uzurin wucewa ta wurin da kwali babu komai a ciki, ya russuna cikin ladabi.

"A hankali, ranka ya daɗe. Goge shi a riga. Mu ma haka muka fara."

Bayan mako guda rahoton ya iso tare da sabuwar kwangila. A shafi na uku an rubuta cewa sakacin ma'aikacin kwamfuta ne ya haifar da ɓarakar. Kawu ya sa aka ja layi a ƙarƙashin jimlar da jan biro, aka kawo wa Injiniya ya sa hannu. Ya sa, ya koma kujerarsa, wadda har yanzu tasa ce. Ta bango yana jin Kawu a ofis yana fama da waya, yana goge yatsa yana sake dangwalawa.

"Ni ne mana! Ke wace irin na'ura ce marar kunya?"