Hosne Ara a Farkon Fim

Da labari ya iso wa Mofazzal cewa jami'a za ta tsince tsofaffin hotunanta, ta adana masu amfani ta ƙone saura, ko shayinsa bai ƙarasa ba ya fita ya tari keken haya na riksha. Shi ya yi wa jami'ar aikin ɗaukar hoto tun yana saurayi har ya yi ritaya. Duk hoton da ta taɓa tallata kanta da shi, na bikin yaye ɗalibai ne ko na 'yan mata a gindin mangwaro riƙe da littattafan da ba karantawa suke ba, daga hannunsa ya fito. Amma ba don waɗannan ya ratso ruwan damina da ciwon gwiwarsa ba.

Mai kula da ɗakin ajiyar, Dilruba Khanom, ta ba shi kujera ta zuba masa shayi. Ta ce laima ta fara cin finafinan kyamarar da hotunan ke jikinsu, wasu har sun yi fumfuna. Duk wanda ya nuna gini ko malami ko taro za a kwafe shi a kwamfuta a adana. Ɓatattun da ke farkon kowane fim kuwa, wuta za a sa musu.

Nan tsoho ya fara kame-kame, ya goge tabarau, ya sake gogewa, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wanda ya yi aiki da kyamarar dā ya sani, in an saka sabon fim sai an ɗan ɗaɗɗauka a banza kafin a kai wurin mai kyau. Sauran masu hoto ƙasa suke nunawa. Shi kuwa a gida yake saka nasa da safe, kuma matarsa Hosne Ara yake saitawa, don tsokana kawai. Mace ce da ta tsani hoto, ko ranar aurensu da sari ta rufe fuska. Zazzaɓi ya ɗauke ta da ƙuruciyarta, ba hotonta ko ɗaya a gidan. Finafinan kuwa duk suna ajiyar jami'a. Da farko ya kasa zuwa ya duba, daga baya kunya ta hana shi. Yanzu ga shi in ya rufe ido fuskarta ba ta zuwa masa sosai, kuma wannan na ba shi tsoro ƙwarai.

Dilruba ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce abin da aka yanke wa wuta ba na kowa ba ne, duk wanda suka samu ya tafi da shi.

Suka duƙufa kan ambulan-ambulan, tana zarowa yana ɗagawa a hasken taga. Ga bayan Hosne Ara tana tankaɗe shinkafa. Ga tafin hannunta ya toshe kyamara. Ga gefen sari yana shigewa ɗakin girki, ga ludayi an ɗaga sama, babu shakka da niyyar duka.

"Kawu, wannan ai farauta ka yi, ba ɗaukar hoto ba," in ji Dilruba tana dariya.

"Ke dai bari, 'yata. Ta fi kifin kogin Padma santsi."

Shi ma ya dara, amma ransa ya fara karaya, don ambulan sai raguwa suke. Can suka ci karo da wasu finafinai da laima ta manne. Dilruba ta sa safar hannu ta yi ta lallaɓa su har suka rabu, ta miƙa masa ɗaya.

Ga ta nan. Ta juyo gaba ɗaya, baki buɗe, da alama faɗa take masa dariya ta ƙwace mata. Sai dai a jikin fim komai a juye yake, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Gashin nan nata mai tsawo, wanda ta tafi babu furfura ko ɗaya a cikinsa, ya fito fari fat. Mofazzal ya tsaya yana kallo, daɗi da kewa suka cika shi.

Dilruba ta miƙo hannu ta ce ya kawo ta sa a na'ura, yanzun nan za ta fito masa da ita yadda take, yarinya shar. Bai saki ba.

"Dakata tukuna, 'yata," ya ce. "Yarinyar na san ta. Tsohuwar ce ban taɓa gani ba."