Haƙorin da Wuta Ba Ta Ci Ba

Shekarar da ruwan Kainji ya haɗiye gungunmu, tsibirin da muke zaune a kai, aka kwashe mu zuwa tudu wajejen Wara, aka ba mu gidajen siminti. Abu biyu na rungume a cikin jirgi: ɗiyata, wadda ban daɗe da yaye ta ba, da gwangwanin madara cike da haƙora. Marigayi babana mafaraucin kada ne. Tun ina ƙarama nake tara abin da yake ba ni: haƙoran kada, na kifin tsage, guntun na dorina, da farata. Ko ido rufe na shafa, sai in faɗi na wace dabba ne.

Rijiya ɗaya ce a sabon garin, nesa da unguwarmu, kafin hantsi ta ƙafe. Sai mu gangara bakin tafki, inda ciyawa da itatuwan da ruwa ya shanye suke ruɓewa. Ruwan nan ya sa wa ɗiyata zawo har sau biyu. A na biyun sai da idanunta suka faɗa. Saboda haka da mazan unguwa suka sa Mati mai haƙar rijiya ya fara mana tamu, na fi kowa murna. Kullum ni ke kai masa kunu.

Ya kai zurfin gaba shida, ƙasa ta fara sanyi, sai wata safiya na tarar da shi a waje, mutane sun kewaye shi. A kan tabarma ga wani baƙin haƙori mai tsawon yatsana, ga farce lanƙwasasshe kamar lauje.

"Ni kam na hito ke nan," in ji Mati. "Mai wanga haƙori shina nan ƙasa. Gidanai munka taɓa."

Baba Wakili, dattijon unguwa kuma aminin babana, ya girgiza kai. "Mun baro gungu ba mu yi sallama da na ruwa yadda ya kamata ba. A cike ramin."

Na ajiye kunu na ɗauki haƙorin.

"Ke Rahamatu, aje shi!" in ji Baba Wakili. "Da goyo a bayanki?"

Nauyinsa ya fara ba ni mamaki, kamar tsakuwa. Na kada zagayayye ne kamar turke, gindinsa da rami. Wannan falle ne, ya karkata baya, gefensa biyu da tsaga-tsaga ƙanana irin na zarto. Farcen kuma da kwari a kowane gefe.

"Baba, wanga ba na kada ba ne."

Mati ya yi dariya. "To, ga Sarkin Ruwa mai ɗaurin zane! In ba kada ba ne, ai abin ya hi muni."

"Kai dai je ka ɗauko hularka da ka bari cikin rami," na ce. Mutane suka kwashe da dariya, ni kuwa na durƙusa na roƙi Baba Wakili ya ba ni zuwa la'asar.

Na nufi firamare wajen Malam Yusha'u, wanda yakan bi kwazazzabai yana tsintar duwatsu, ya jera su a tagar aji. Ya juya haƙorin, ya ƙwanƙwasa shi a tebur, sannan ya buɗe mini wani littafi. Ga zanen ƙaton ƙadangare tsaye da ƙafa biyu, a gefe an zana haƙorinsa, da zarto kamar namu.

"Dainoso Turawa ke ce musu," ya ce. "Sun ƙare tun ba a yi ɗan Adam ba. Ba ni rantsuwa shi ne, sai na aika wa masana. Amma ƙashin da ya daɗe haka a ƙasa, dutse yake komawa."

Na san zane ba zai mayar da Mati rami ba. Kalmar dutse dai na riƙe, ina tafe ina juya ta, har na shiga gida idona ya faɗa kan duwatsun murhu. Wuta ake hura musu safe da yamma, ba su taɓa ƙonewa ba.

Da la'asar na kai garwashi a kasko bakin rijiya. Na zazzage gwangwanina na zaɓi haƙorin kada mafi girma, na wanda babana ya kashe shekarar da aka haife ni. Hannuna ya ɗan tsaya. Ɗiyata ta motsa a bayana, sai na jefa shi wuta tare da baƙin, na hau fifita.

Ba a jima ba na kadan ya yi baƙi, ya tsage, ƙauri ya tashi har Mati ya toshe hanci. Da garwashi ya mutu na zaro ɗayan da tsinke, na goge toka da gefen zane. Yana nan yadda yake, ko ƙauri babu.

"Baba, abin da ke da rai, ko ya mutu jiya, wuta na cin haƙorinsa. Wanga dutse ne. Ban san sunan mai shi da tabbas ba, amma na san ya riga kakanninmu mutuwa."

Baba Wakili ya karɓa, ya shinshina, ya daɗe yana kallon ɓurɓushin na kadan. "Ina cikin jirgi ranar da ubanki ya soke shi," ya ce a hankali. Ya juya ga Mati. "Gobe da Bisimilla."

"In ya ja ni ƙasa, Rahamatu, ke za ki ci da iyalina."

"In ka sake tono wani, nawa ne. Ka lura kada diga ta karya shi."

Ya tono guda biyu kafin ya kai ruwa a gaba tara. Ɗaya Malam Yusha'u ya naɗe a auduga ya aika, har yanzu muna jiran amsa. Sauran suna gwangwanina. Gugan farko na bar shi ya kwanta, na tace da ƙyalle, na ba ɗiyata a ludayi. Ta shanye ta miƙo mini shi a ƙara mata.