Awa Ɗaya da Minti Goma

Shekara goma sha biyu Auta ya yi yana sayar da tikitin jirgin sama a wani ɗan ofis mai fanka ɗaya, kuma in dai nisan gari da gari ne, ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka. Wanda ya fi zama a bakinsa shi ne na garinsu: kilomita ɗari bakwai da tamanin, awa ɗaya da minti goma. Wallahi wannan lissafin ne ya cuce shi. Duk sanda Inna, mahaifiyarsa, ta tambaye shi yaushe zai zo, sai ya yi dariya ya ce ai kusa ne, kafin ruwan shayinta ya huce ya iso. Da wannan kusan ya shekara huɗu bai taka gida ba.

Ranar Talata da bakwai na safe yayarsa ta kira daga asibiti, ta ce jikin Inna ya rikice, likita ya ce a tara 'ya'yanta. Kawu, ƙanin Inna, wanda suke gari ɗaya da Auta, ya ce zai bi motar takwas, biyar na yamma tana can, ko a kama masa kujera? Auta ya ji kamar an zage shi. Shi da yake tura mutane sama, shi ne zai zauna awa tara a mota? Ai akwai jirgin sha biyu. Ya sa aka kara wa Inna waya a kunne.

"Inna, sha biyu zan tashi. Awa ɗaya da minti goma ne kawai, ki jira ni."

Abin da bai taɓa gaya wa mai sayen tikiti ba, kuma shi ma ya manta, shi ne sai taya ta bar ƙasa ake fara ƙirga wannan awar. Jirgin bai ma iso daga inda ya kwana ba. Sha biyu ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. Auta na zaune kan kujerar ƙarfe, wata ma'aikaciya tana ba shi haƙuri da irin muryar da shi ma yake ba mutane, wai yanzun nan za a tashi. Kunya ta hana shi ɗaga kiran yayarsa.

Sai biyar da kwata suka tashi. Da suka sauka, matuƙin har yana alfahari wai sun riga lokaci da minti biyar.

Da ya isa asibitin, ya tarar an yaye zanen gadon, yayarsa tana ninke mayafin Inna. A kan durowa ga agogon bango an jingina shi da kofi, yana fuskantar matashin kai. Yaya ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi tun sha biyu Inna ta sa aka sauko da agogon, don idonta ba ya kai bango. Ɗaya da minti goma na cika ta ce a zaunar da ita, a gyara mata ɗankwali. A haka ta zauna har biyar da rabi, sannan rai ya yi halinsa.

Kawu yana kan benci a bakin ƙofa, ko takalmin tafiya bai cire ba. Auta ya durƙusa gabansa.

"Na same ta, ta kuma gane ni," in ji Kawu. "Ta leƙa bayana, ta tambaye ni ko tare muka taho."