Sukari a Romon Kaza

Tun da aka sallamo Maman yara daga asibiti, ita da abinci suka raba gari. A kawo, ta kalla, ta juya fuska bango. Likita kuwa bai rufa ba: in ba ta fara ci ba kafin ƙarshen mako, gadon asibiti za ta koma. Maganar nan ta tsaya wa mijinta a rai, tsohon direban bas da ko ruwan shayi bai taɓa dafawa ba.

"Ni zan yi mata girki," in ji shi.

Autarsu ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga da gaske yake, sai ta ɗauko masa gilashin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, siriri kamar ɓawon albasa, mai nuna wa mutum rubutu a gabansa. An sha fama kafin ya shiga, don ko maganin ɗiga wa ido Direba tsoronsa yake ji.

"Baba, yadda ake romon kaza zai fito maka. In ka gama abu ɗaya, ƙifta ido sau biyu, na gaba ya zo. Ka bi shi kawai."

"Ni za ki koya wa bin alama? A kan titi na tsufa, ban taɓa karya dokar hanya ba."

Auta ta tafi aiki, ya shiga kicin. Da farko tafiya ta yi kyau. Rubutu ya ce a wanke rabin kaza, ya wanke ta kamar gilashin mota. Ya ce a yanka albasa, ya yanka. Wajen soya barkono ne aka samu matsala, don Direba ya buɗe wuta kamar ya hau babbar hanya. Hayaƙi ya turnuƙe. Ga tari, ga atishawa, ido kuwa sai ƙifce-ƙifce yake ba birki. Rubutun ya yi ta gudu, ya wuce romo, ya wuce dafin shinkafa, bai tsaya ba sai a kan yadda ake yin kek.

Da ya buɗe taga idonsa ya washe, sai ya ga an rubuta: a zuba sukari kofi biyu. Ya ɗan yi jim. Amma alama alama ce, direba ba ya gardama da ita. Ya zuba. Aka ce madara, ya tuttula. Aka ce ƙwai, ya fasa. Ya juya tukunya yana jin daɗin kansa.

Ya kai mata a kwano, ya tsaya a kanta. Don kada ta kunyata shi ta kai cokali baki. Ta dubi kwanon, ta dube shi.

"Maigida, me kazar nan ta yi maka?"

"Haka aka rubuta."

"Wa ya rubuta?"

"Idona."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda bai ji ba tun kafin ciwon. Ta yi ta yi har tana dafe ɗinkin aikin da aka yi mata.

"Kama ni mu je, kafin ka ƙarasa sauran rabin."

Ya zaunar da ita a kujera bakin murhu. Abin idon ya ƙi ciruwa, ta ce ya bar shi, ita ce alamar hanyarsa yau. Rage wuta. Ba wannan cokalin ba. Miƙo in ji gishiri. Ta ɗanɗana, ta ce da saura. Ta sake ɗanɗanawa. Can ta ce ya sa mata tsoka ɗaya ta ji ko ta nuna, sai kuma wata, don waccan ta gefen tukunya ce. Direba ya kama bakinsa, yana ta miƙawa, daɗi ya cika shi.

Da yamma Auta ta dawo ta tarar da uwarta tana tsotsar ƙashi, kwano wayam a cinya. Uban na tsaye da ludayi, ido jawur, yana ta ƙiftawa. Girke-girken duniya na wucewa a gabansa, ko ɗaya bai karanta ba.

"Baba, kuka kake?"

"Barkono ne," ya ce.

Maman yara ta miƙa masa kwanon. "Barkonon da ya fita ta taga tun rana. Ƙaro mini romo."